Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, kan rajistar masu bada ɓargo

Assalamu alaikum ranka ya daɗe, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a.

Maganar dashen ɓargo ce ta sa nake rubuto maka, kuma da Amurka zan fara tunda ka zauna a can ka san kan abin. Mai kansar jini ko mai sikila da likita ya ce sai dashe, in ya taki sa'a a samu wanda ya dace da shi cikin 'yan uwansa ciki ɗaya, amma kusan kashi 70 cikin 100 ba sa samu a gida, dole a duba rajistar masu bada ɓargo kyauta. To a nan gizo ke saƙa. Alƙaluman da ƙungiyar Be The Match mai kula da rajistar Amurka ta fitar, wadda yanzu ake kira NMDP, sun nuna damar Bature ta samun wanda ya dace da shi kashi 79 ce, ta baƙar fata kuwa 29 kacal, alhali ƙasa ɗaya suke, cutar ma iri ɗaya.

Dacewar nan gadonta ake yi, wasu alamomi da ke jikin ƙwayoyin halittar mutum da ake kira HLA ake dubawa ba rukunin jini ba, kuma mu 'yan Afirka mun fi kowa yawan bambancin waɗannan alamomi, ga shi mu ne ƙalilan a rajista. Kakannin yawancin baƙaƙen Amurka daga yammaci da tsakiyar Afirka aka kwashe su lokacin cinikin bayi, kenan yaron da ke kwance a Atalanta ba mamaki wanda zai cece shi yana Kano ko Ibadan yana tuƙa adaidaita, ba wanda ya taɓa tambayarsa. Haka namu in ya kwanta a nan sai a leƙa rajistar duniya mai mutum sama da miliyan 40 a dawo hannu rabbana.

An yi yunƙuri, ban ce ba a yi ba. Seun Adebiyi, ɗan Najeriya da ya karanta lauya a Yale, da kansar jini ta kama shi a 2009 ya rasa wanda ya dace da shi a rajista, shi ya tsaya har aka buɗe tamu a Inugu a 2012. Asibitin koyarwa na Benin ya yi dashen farko a 2011, na Legas ma ya fara a 2024. Amma ranka ya daɗe duk a kudu, mu da sikila ta yi wa katutu a arewa ko labarin ba mu ji. Jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a ƙasar nan, Amurka gaba ɗaya masu ita kusan 100,000 ne, kuma sabon maganin sikila mai suna Casgevy da suka amince da shi a Disambar 2023 dala miliyan 2.2 ne kuɗinsa, wa zai saya mana?

Na san za a ce mutanenmu ba za su yarda ba. Ai baƙaƙen Amurka ma ba haka kawai suke ɗari-ɗari da likitoci ba, daga 1932 zuwa 1972 a wani binciken likitoci a garin Tuskegee an bar mazajensu da ciwon tunjere ba magani ana kallon yadda yake cinsu. Mu ma muna da namu, gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 har yau ba a manta ba, shi ya ƙara wa ƙin rigakafin foliyo na 2003 ƙarfi. Kuma kai ne lokacin da kake shugabancin hukumar lafiya a matakin farko ka jawo sarakuna ƙarƙashin Sarkin Musulmi har aka shawo kan jama'a, don haka hanyar ba baƙuwarka ba ce.

Abin da nake roƙo a buɗe wurin rajista a asibitin Malam Aminu Kano da na Shika da na Maiduguri, a sa malamai da likitoci su yi bayani a rediyo da Hausa cewa auduga kawai ake goga wa mutum a cikin kumatu, kuma ranar bayarwar ma yawanci ta jijiyar hannu ake ɗiba kamar bada jini, ba lakar baya ake taɓawa ba yadda ake tsorata mutane. Tunda Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, masu zuwa gwajin jinotayif ai sai a tambaye su ko suna so a rubuta su, ba tilas. Sannan a yi doka mai ƙarfi kan wanda zai riƙe bayanan da inda za a kai su, don in aka ji an fita da jinin mutane waje ba da saninsu ba wallahi maganar ta mutu kenan. Inshorar lafiya ta NHIA kuma ta ɗauki wani kaso na kuɗin dashen, in ba haka ba talaka zai bada ɓargo mai kuɗi ne kaɗai zai amfana.

Allah ya taimaki Minista.

Naka,
Wani ɗan ƙasa daga Kano