Ina sunayen matan da suka yi wannan aiki?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku kan 'yantar da ilimi daga tunanin Turawan mulkin mallaka. An ambaci masana irin su Frantz Fanon da Ngugi wa Thiong'o da marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, duk sun cancanta. Sai dai har aka rufe shirin ban ji sunan mace ko ɗaya ba, abin kuwa ya tsaya mini a rai.

Ina Farfesa Oyeronke Oyewumi? A littafinta na 1997 ta ce a tsohuwar daular Oyo, shekaru ne ke raba na gaba da na baya, ba zaman mutum namiji ko mace ba. Daga bakin Yarabawa ta ɗauko hujjarta: egbon shi ne babba, aburo ƙarami, namiji ne ko mace. Da aka zo rubuta tarihinsu da Turanci, sai aka cusa musu rabon da harshensu bai yi ba. Wata masaniya, Bibi Bakare-Yusuf, ta ƙalubalance ta cewa kalma kaɗai ba ta nuna wa ke riƙe da iko a cikin gida, kuma ina ganin tana da gaskiya a nan. Mu Hausawa muna da wa da ya, ƙane da ƙanwa, don haka abin da Oyewumi ta gano ba namu ba ne. Amma tambayarta ta shafe mu: me ya salwanta lokacin da aka fassara mu?

Ifi Amadiume, wadda aka haifa a Kaduna, ta nuna a 1987 yadda a garin Nnobi na ƙasar Ibo 'ya mace kan tsaya a matsayin ɗa namiji idan uba bai haifi namiji ba, kafin mishan da mulkin mallaka su raunana wannan tsari. Ita kuwa Sylvia Wynter ta Jamaika tushen matsalar ta tono. Ta ce Bature ya ɗauki kansa ya mai da shi ma'aunin ɗan'adam, sauranmu ana auna mu da shi ana cewa mun gaza.

Ni malamar sakandare ce. Ɗalibaina mata suna jin shirinku, suna kuma lura da wanda ake kira masani. Don Allah ku ware mako ɗaya ga waɗannan mata, da Hausa, ku gayyato malama daga jami'a ta yi bayanin.

Wassalam.
Mai sauraronku daga Zariya