A Bar Mana Inuwar Bishiyoyi A Sakkwato

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in yi kuka kan saran bishiyoyi da ake yi a unguwanninmu. A layinmu an sare dogon yaro uku cikin wata guda don a kafa shaguna. A ƙarƙashinsu dattawa ke shimfiɗa tabarma bayan la'asar, yanzu kowa ya shige ɗaki yana fama da zafi shi kaɗai. Mahaifina, wanda ba ya rabuwa da wurin, har maganarsa ta ragu.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin yadda bishiyoyi ke shafar lafiyar mutum da kwanciyar ransa. A 1984 Roger Ulrich ya duba marasa lafiya da aka yi wa tiyata a wani asibiti a Amurka. Waɗanda tagarsu ke kallon bishiyoyi sun riga masu kallon bangon bulo komawa gida, kuma ba su sha maganin ciwo mai ƙarfi kamar su ba. A 2019 wani bincike a Ingila kan mutum kusan 20,000 ya nuna masu yin awa biyu a mako cikin itatuwa ko bakin ruwa sun fi cewa suna cikin lafiya da kwanciyar rai.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a fadamar Kwalkwalawa da yamma, iskar kogin Rima na kaɗawa, ya san wannan a jikinsa.

Ina kira ga hukuma da masu unguwanni: wanda zai sare ɗaya a wajabta masa dasa biyu, ya kuma shayar da su har damina ta sauka.

Naku,
Mai karatu daga Sakkwato