Godiya ga wani shagon fere ƙarfe a Panteka, Kaduna

Assalamu alaikum.

Na rubuto ne don in yi godiya a bainar jama'a ga wani ƙaramin shagon fere ƙarfe da ke Panteka a Kaduna, da maigidan shagon, musamman kuma wani matashi da ke aiki a ƙarƙashinsa. Ban nemi izininsu ba, shi ya sa ba zan kama suna ba. In wannan ya isa gare su, za su gane kansu.

Aikin da na kai musu baƙo ne a ƙasar nan, don haka sai na ɗan yi bayani. A Ingila da Jamus da Amurka akwai mutanen da ke shimfiɗa ƙaramin layin dogo a lambun gidansu, da gadoji da tasha, jirgi na zagayawa tsakanin shuke-shuke. A can na fara gani lokacin da nake karatu, abin bai bar raina ba har na yi ritaya. Layin da aka fi amfani da shi, tsakanin dogo da dogo milimita 45 ne. Kamfanin LGB na Jamus ne ya yaɗa shi a gidaje tun 1968, yana ƙera jiragensa a ma'aunin 1:22.5, wato jirgin gaske ya ninka ƙaramin sau 22.5, saboda yana kwaikwayon layin da faɗinsa mita ɗaya ne. Masu kwaikwayon babban layi mai milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna, su kuma 1:32 suke bi a kan dogon nan dai. Tsohon layinmu na reluwe, wanda ya iso Kano a 1911, faɗinsa ƙafa uku da rabi ne, wato milimita 1,067. In ka raba da 45 sai ka samu kusan 24. Ke nan duk ƙafa ɗaya a jikin jirgin gaske za ta koma rabin inci a hannuna.

Abin da nake ƙerawa shi ne kan jirgi mai kwal irin wanda ake kira River, waɗanda masana'antar Vulcan Foundry ta Ingila ta ƙera wa reluwen Nijeriya a 1948, aka raɗa musu sunayen koguna. Mahaifina ma'aikacin reluwe ne a Zariya, da ƙarar irin waɗannan jirage muka tashi. Ba a sayar da ƙaraminsa a kanti, sai dai mutum ya zauna da hotuna da ma'auni ya fitar da kowane sashe da hannunsa. Gangar jikin da ɗakin direba da taragon kwal duk na yanka su daga fallen tagulla, na haɗa da dalma a gida. Batir ne zai ja shi, domin ƙurar hunturu ba za ta bar wuta ta bi dogo yadda ya kamata ba. Abin da ya gagare ni shi ne ƙafafu, don ba ni da injin ferewa.

Wannan jirgi ƙafafunsa goma sha biyu ne: ƙanana biyu a gaba, manya takwas a tsakiya, ƙanana biyu a baya. Manyan takwas ɗin nan su ne wuyar aikin. Hurhuɗu suke a kowane gefe, sanda ɗaya ta haɗa su, don haka dole girmansu ya zo daidai, kuma ramin da ƙusar sandar ke shiga ya kasance nisansa daga tsakiya iri ɗaya a kan kowace ƙafa. Ƙusoshin dama kuma sai sun sha gaban na hagu da rubu'in zagaye cif. In ɗaya ta kauce ko da kaurin gashi ne, jirgin zai yi ta ɗingishi, ko ya cije ya tsaya. Tazarar da ke tsakanin bayan ƙafa da bayan 'yar'uwarta ita ma milimita 40 ake so, in ba haka ba a mararrabar farko zai sauka daga layi.

Da wannan bayani na yi ta yawo a wasu garuruwa, kuma na sha takaici. Wani ya kalli zanen ya ce shi ba ya aikin wasan yara. Wani ya yi dariya har da kiran maƙwabcinsa ya zo ya ga tsoho da jirgin wasa. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne wanda ya karɓa da fara'a, ya karɓi kafin alƙalami, ya yi ta ce mini gobe, daga ƙarshe ya miƙo mini ƙafafun da ko da ido kana ganin wata ta fi wata. Da na fito da ma'auni sai ya ce, "Haba Alhaji, ai da an ɗan buga guduma za su zauna." Tagullar da na sayo da kuɗin fanshona ke nan ta lalace. Na koma gida na rufe aikin da tsumma, na daina kallonsa.

Wani ɗan'uwa ne ya matsa mini in gwada Panteka. Na tafi ba da wani zato ba. Maigidan yana kan aikin famfon ban ruwa, ya amsa sallamata, ya sa aka kawo mini benci, ya kira yaronsa ya ce, "Duba wa Baba wannan." Yaron ya wanke hannu kafin ya taɓa takardar. Wannan kaɗai ya sa na gyara zama. Ya daɗe yana duba zanen, sannan ya tambaye ni ko sandar gefe guda ce ko mai gaɓoɓi, da kuma irin lanƙwasar da layina yake da ita. Tun da na fara yawon nan babu wanda ya yi mini tambayar da ta nuna ya fahimci abin zai yi tafiya ne.

Shi ya kawo shawarar kada a huda ramukan ɗaya bayan ɗaya da awon ido. Ya ce zai fara yin wani ɗan ƙarfe mai ramuka biyu, a riƙa ɗora shi a kan kowace ƙafa ana hudawa ta cikinsa, ta yadda ko da an yi kuskure zai zama iri ɗaya a duka takwas ɗin. Haka masu wannan sana'a suke yi a Ingila, shi kuwa hankalinsa ne ya ba shi. Ya kai samfurin ƙafar da na sassaƙa da katako wurin wani mai zubin ƙarfe a layinsu, aka zuba ƙafafun, ya fere su a saiti ɗaya ba tare da ya motsa wuƙar injin ba. Ana cikin haka ya kira ni a waya ya ce, "Baba, ɗaya ta fito da rami a ciki, kumfar zubi ce. Zan iya cikewa ba za ka gani ba, amma ba za ta daɗe ba. Ka ba ni dama a sake." Aka sake, maigidan kuma bai ƙara mini ko kwabo a kan cinikin da muka yi ba. Ranar da suka ce in zo, ranar na tarar da kayana a naɗe cikin takarda, kowace ƙafa da lambarta.

Ban san yadda aka yi muka wayi gari awo ya zama abin raini a wurin masu sana'a da yawa ba. Kafinta ya yi maka ƙofa sai an fere ta kafin ta rufu. Mai walda ya yi taga a karkace ya ce bango ne bai miƙe ba. In ka yi magana a ce ka cika tsanani. Cika alkawari kuwa ba a ma maganarsa, har mun saba da ƙara mako a kan duk ranar da aka ba mu. Iyayenmu da suka yi aiki a reluwe da ma'auni a aljihu suke yawo, don sun san rayukan mutane na kan abin da suka ɗaure. Yana damuna ƙwarai in ga yara masu basira suna koyon aiki a hannun waɗanda ke koya musu cewa guduma ce maganin kowane kuskure.

Na ɗora ƙafafun, na tura jirgin da yatsa a kan dogo, ya tafi sumul babu cijewa. Saura fitilar gaba da fenti, sai taragun gyaɗa da nake son in jera masa a baya, kuma ƙafafunsu ma can zan kai. Na yi wa yaron alkawarin ranar da jirgin zai fara zagaya lambu zan aiko a ɗauko shi ya gani.

Maigida, Allah ya yi wa shagonka albarka, ya ƙara buɗi. Kai kuma ɗana, Allah ya ba ka naka shagon, ya sa ka gama da iyayenka lafiya.

Naku,
Wani malamin makaranta mai ritaya, Zariya