A ba masu renon yara damar ƙaro karatu

Edita,

Ka ba ni fili in yi magana kan 'yan matan da ke aiki a makarantun nazare na Daura. Da yawansu daga sakandare suka shigo, ba su da NCE, mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya. Alhali yaro mai jinkirin magana ko matsalar ji, malamar da ta samu horo ce ke fara lura da shi.

Barin aiki don karatun shekara 3 ba zai yiwu musu ba, albashin nan, duk ƙanƙantarsa, shi ke riƙe gida. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa (NTI) da ke Kaduna tana koyar da karatun NCE daga nesa, ana haɗuwa a ƙarshen mako. Ina roƙon masu makarantu su taimaka da kuɗin rajista, su kuma sakar musu ranar Asabar.

Wata malamar nazare,
Daura