Zuwa ga Barista, kan takardun yaron nan da shari'ar 'yan wasan jami'a

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da uwargida da yara baki ɗaya. Na san ni ne mai laifi, domin wata huɗu ke nan da ka aiko da tambaya a kan takardun da jami'ar nan ta Amurka ta turo wa babban ɗanka ya sa wa hannu don ya buga mata wasa, ni kuwa na yi gum kamar an aiki bawa garinsu. Abin da ya tayar da ni zaune shi ne wani abu da na gani makon jiya a gidan maƙwabcina, wanda ya tuno mini da tsohuwar gardamarmu ta gidan gem a Samaru.

Ka tuna lokacin da muke buga wasan ƙwallon bidiyo na Pro Evolution, ɗan bayan Brazil Roberto Carlos ya fito da suna Roberto Larcos, kai kuma ka kafe cewa tun da an canza harafi babu wanda ya isa ya kai kamfanin ƙara? A lokacin ko aji biyu ba ka gama ba a tsangayar shari'a, amma ka riga ka ɗora wa kanka gashin lauya a zuci. To, ina mai baƙin cikin sanar da kai cewa kotunan ɗaukaka ƙara biyu a nan Amurka sun rushe fatawarka tun 2013.

Ɗan maƙwabcin nawa yana buga ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka a wata jami'a, kuma mafi yawan lokaci a benci yake. Da ya zo hutu sai ya kunna mana wasan EA Sports College Football a falo, ya nemo ƙungiyarsu, ya tsayar da hoton a kan wani ɗan wasa mai faɗin kafaɗa. Ga sunansa a bayan riga, ga lambarsa, ga sunan garinsu. Mahaifiyarsa ta ajiye faranti ta matso har gaban talabijin tana duban fuskar, shi kuwa abin da ya dame shi kawai shi ne makin gudun da aka ba shi ya yi kaɗan. Da aka dawo da wasan a watan Yuli na 2024, bayan an daɗe da dakatar da shi, kamfanin EA ya biya kowane ɗan wasa da ya yarda a sa shi dala 600 da kwafin wasan guda ɗaya, kuma sama da 'yan wasa 11,000 suka shiga. A fitowa ta gaba an ɗaga kuɗin zuwa dala 1,500. Sai da aka shafe shekaru ana shari'a kafin wannan ɗan kuɗin ya samu.

Mafarin abin wani mutum ne mai suna Ed O'Bannon, wanda ya ci wa jami'ar UCLA kofin ƙwallon kwando na ƙasa a 1995, kuma shi aka zaɓa gwarzon gasar. Bayan ya bar wasa ya koma sayar da motoci a jihar Nevada. Wata rana a gidan abokinsa aka nuna masa wasan NCAA Basketball 09, sai ga tsohuwar ƙungiyarsu a ciki, ga wani dogo baƙi mai aski ƙwal-kwabo, bahago, sanye da riga mai lamba 31. Komai nasa ne, suna kawai aka cire, kuma ba wanda ya nemi izininsa, balle a ba shi ko sisi. Haka EA ta riƙa yi shekara da shekaru: tsawo, nauyi, launin fata, jihar haihuwa da lambar riga duk na ɗalibin ne, amma a gurbin suna sai a rubuta matsayinsa a fili da lambarsa. Masu sayen wasan kuma suna iya sauko da cikakken jerin sunaye daga intanet su liƙa cikin ɗan lokaci. Dabararka ce ta Larcos, sai dai an yi ta da biliyoyi.

A 2009 aka shigar da ƙararraki. Sam Keller, wanda ya buga wa Arizona State da Nebraska, da Ryan Hart na Rutgers, sun ce an yi kasuwanci da kamanninsu ba da yardarsu ba. Hujjar EA ita ce 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma ba hujjar banza ba ce, tun da a 2011 Kotun Ƙoli ta ce wasan bidiyo yana da kariya irin ta littafi da fim. Amma ma'aunin da alƙalan ɗaukaka ƙara suka ɗauka shi ne ko mai ƙirƙira ya sauya mutumin ya zama wani sabon abu, ko kuwa kwafo shi ya yi yadda yake. Suka duba suka ga ɗalibi yana yin ainihin abin da aka san shi da shi, a irin filin da aka san shi, da rigar da aka san shi, don haka a Mayu Hart ya yi nasara, a Yuli Keller ya bi baya. A kowace kotu alƙali ɗaya ya saɓa wa sauran biyun, saboda haka kana da abokan ra'ayi, ba sai ka yi fushi ba.

Shi O'Bannon ta wata ƙofa ya shiga, kuma a ganina tasa ce ta fi zurfi. Ya kai hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ƙara a ƙarƙashin dokar hana babakere a kasuwa, ya ce jami'o'i sun haɗa baki sun tsayar da farashin kamannin ɗalibi a kan sifili, da sunan cewa shi ɗalibi ne ba ɗan wasan kuɗi ba. Koci yana karɓar miliyoyi, ana sayar da riguna, ana sayar da haƙƙin nunawa a talabijin, wanda ake karya wa ƙafa kuwa an ce kuɗi zai ɓata masa tarbiyya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. A watan Agusta na 2014 Mai shari'a Claudia Wilken ta kotun tarayya da ke Oakland ta ce dokokin NCAA sun saɓa wa doka, ta kuma yarda a riƙa ajiye wa ɗan wasa har dala 5,000 a shekara. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta amince an karya doka amma ta soke batun dala 5,000, a 2016 kuma Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar.

Ta fuskar diyya, EA da kamfanin CLC mai kula da lasisin jami'o'i sun yi sulhu a kan dala miliyan 40, NCAA ta ƙara miliyan 20. Adadin yana da daɗin ji, amma bayan lauyoyi, 'yan uwanka, sun ɗebi nasu, aka raba sauran ga mutane sama da 24,000, matsakaicin rabo bai wuce kimanin dala 1,600 ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da EA ta dakatar da wasan bayan NCAA Football 14, masu buga gem da yawa O'Bannon suka riƙa zagi, wai shi ya kashe musu wasa, alhali kamfanin ya nuna a shirye yake ya biya 'yan wasa, dokar NCAA ce ta hana.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Jihar Kalifoniya ta yi dokar barin ɗalibai 'yan wasa su karɓi kuɗi da sunansu a 2019, Kotun Ƙoli ta kayar da NCAA baki ɗaya, tara da babu, a shari'ar Alston, wadda ta shafi ƙayyade tallafin karatu da ake ba 'yan wasa, a Yunin 2021, daga 1 ga Yuli na shekarar kuma aka bar ɗalibai su ci moriyar sunansu da hotonsu da kamanninsu, abin da ake kira NIL a nan. A Yunin 2025 ita dai Mai shari'a Wilken ta amince da sulhun wata ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA, wato shari'ar House, na kusan dala biliyan 2.8 ga tsofaffin 'yan wasa, wanda ya ba jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye.

Yanzu sai damuwata game da yaronka. Shi da bizar ɗalibi ta F-1 zai shigo, wadda ta taƙaita aikin da baƙo zai yi don kuɗi a cikin ƙasar, don haka yarjejeniyar da abokin wasansa Ba'amurke zai sa wa hannu ya karɓi kuɗi lafiya, shi tana iya jefa zamansa cikin hatsari. Kada wani dillali ya ruɗe shi da lissafin dala tun yana gida. Sannan ka karanta sakin layin da ya shafi hoto da kamanni da idon lauya, ka ajiye idon uban da ke murna: shekara nawa izinin zai yi, ko yana ƙarewa in ya bar makarantar, ko an hana shi ƙulla yarjejeniya da wani, kuma ko za a iya sayar da izinin ga kamfani na uku. O'Bannon ya bar jami'a da fiye da shekara goma lokacin da ya tarar ana sayar da shi. Yaron da ya kai tsawon ƙyauren ɗakinka, ga shi bahago kamar kakansa, ko an cire suna ba wanda zai kasa gane shi.

Ka ɗauko mini hoton shafukan gaba ɗaya, har da ƙananan rubutun da ke ƙasa, domin na ƙarshen da ka turo rabinsa babban yatsanka ne. Zan kai wa ofishin kula da ɗalibai baƙi tambayar bizar da zarar na gani, kuma kada ya sa hannu kafin ka ji daga gare ni. Ka gaishe da Hajiya, ka ce mata yajin ya iso. Ka kuma gaya wa yaron cewa idan Allah ya sa aka saka shi a wani wasan, zan saya, amma ba zan ba ubansa hannu na biyu ba sai ya janye maganar Larcos a rubuce.

Wassalam. Naka har kullum,
abokin gardamarka na Samaru