Kada a yi gaggawar ɗiga sufa-gulu a ƙananan motocin ado

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a jaridarka domin mu ja hankalin masu tara ƙananan motocin ado, waɗannan da ake ƙerawa da siffar motocin gaske a ma'aunin 1:18, 1:24, 1:43 ko 1:64, wato an rage girman motar gaske sau 18, 24, 43 ko 64. Duk wanda ya daɗe da su ya san watarana madubin gefe zai ɓalle, ko waifa ta fita, ko tambarin gaba ya faɗo. Abin da ke damunmu shi ne, da zarar haka ta faru sai hannu ya kai ga sufa-gulu, garin neman gira a rasa ido.

Sufa-gulu yana kamawa ne idan ya haɗu da danshin iska. Kafin ya gama bushewa yana fitar da tururi, tururin ya sauka a kan abin da ke kusa ya zama farin hazo kamar an barbaɗa gari. Ya fi fitowa fili a gilashi da murfin fitila da baƙin fenti, kuma idan akwai sawun yatsa a wurin sai ya zana shi ɓaro-ɓaro, layi bayan layi. Wanda ya mayar da motar cikin akwatin gilashinta nan take ya ƙara wa kansa ɓarna, domin tururin ya rasa mafita. Asiton, wato ruwan goge jan farce, yana narkar da wannan gam, amma yana cin fenti, yana kuma narkar da roba, don haka ba magani ba ne.

A duba girman ɗigon ma. A ma'aunin 1:43, ɗigon rabin milimita daidai yake da curin gam mai faɗin fiye da santimita 2 a jikin motar gaske. Shi ya sa ba a matsa gam daga bakin kwalba kai tsaye. A ɗiga shi a kan guntun leda, a dangwalo da kan allura ko tsinken sakace.

Kafin a zaɓi gam, a fara sanin me za a haɗa da me. Bodin yawancin motocin nan haɗin tutiya ne da ɗan alminiyum, wasu kuma na resin ne, wato wani ruwa mai kauri da ake zubawa ya daskare ya yi tauri. Madubi da bamba da sitiyari galibi roba ce. Siraran waifa da tambari a kan motoci masu tsada falle ne na ƙarfe da bai kai kaurin farce ba.

Ga gilashi da murfin fitila, da duk abin da ba ya ɗaukar nauyi, farin gam na ruwa shi ne abokin tafiya, irin wanda ake kira PVA, ko waɗanda aka yi musamman don wannan aiki kamar Micro Kristal Klear da Formula 560. Yana fita fari, ya bushe garau kamar ruwa, ba ya yin hazo, wanda ya tsiyayo kuma a share shi da jiƙaƙƙen tsinke kafin ya bushe. Ba shi da ƙarfi sosai, kuma a wurinmu wannan falala ce: idan abin ya zauna a karkace, sai a ɓamɓare a sake ba tare da an taɓa fenti ba. Tambari da rubutun ƙarfe ma ɗan dangwale na wannan gam da aka sirka da ruwa ya ishe su.

Gam na roba, irin su Tamiya Extra Thin da Revell Contacta, ba liƙawa yake ba, narkar da fuskokin biyu yake su zama ɗaya. Saboda haka roba da roba kawai yake haɗawa, ita ma irin ta folistirin. Ba ya kama ƙarfe, ba ya kama resin, ba ya ratsa fenti ko ƙyallin kurom sai an kankare wurin da bakin reza. Idan ya taɓa gilashin motar kuwa, wanda shi ma roba ne, tabon ya zauna ke nan.

Madubin gefe shi ne ya fi ba da wahala, domin wuyansa siriri ne kuma shi hannu ya fi bugewa. A nan gam mai haɗi biyu, wato efoksi, ya fi. A auna ruwan biyu daidai wa daida, a gauraya sosai har launi ya zama ɗaya, domin wanda bai gaurayu ba yana zama da danƙo har abada. Na minti 5 yana ba da damar daidaita madubin, amma kada sunan ya ruɗi kowa, a ba shi awa 24 kafin a taɓa. Idan wuyan ne ya karye a tsaka, gam kaɗai ba zai riƙe ba. A huda ɓangarorin biyu da ɗan diril na hannu mai bakin milimita 0.3 zuwa 0.5, zurfin milimita 1 zuwa 2, a zura guntuwar wayar tagulla ta zama ƙashi a ciki. Kada a yi da diril na lantarki, zafinsa yana narkar da roba. Efoksi yana yin rawaya idan ya daɗe, don haka a nisanta shi da gilashi.

Ba mu ce sufa-gulu ba shi da rana ba. Ƙarfe da ƙarfe ko resin, a ƙarƙashin mota ko cikin inji, nesa da gilashi, yana aiki. A ɗauki mai kauri, domin mai ruwa-ruwa yana bin tsaga ya malala kan fenti kafin a ankara. Kada a share shi da auduga, haɗuwarsu tana yin zafi ta bar gashi a manne. A bar motar a fili inda iska ke kaɗawa har kwana ɗaya.

Ko wane gam aka zaɓa, a kankare tsohon da ya rage, domin sabo a kan tsoho ba ya zama. A goge maiƙon hannu da ɗan sifirit a kan tsinke, a kiyaye rubutun da aka buga a jikin fenti don yana iya gogewa. A gwada zaman abin a bushe sau biyu ko uku, a riƙe shi da hantsaki, a tokare da guntun tef na masu fenti. Kuma a yi aikin a cikin faranti mai baki ko murfin kwali, domin waifar 1:43 idan ta kuɓuce daga hantsaki ta faɗi ƙasa, da wuya a sake ganinta.

Mun gode da wannan dama.

Daga wasu masu tara ƙananan motocin ado da gyaransu