Wasiƙa daga Jidda: wa ke cin ribar rigimar masu sauya jinsi a wasannin mata?

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ma'aikatanka baki ɗaya, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ni mai karanta jaridarku ce a waya daga nan Jidda, kuma dan Allah ɗan fili nake roƙo in yi magana kan wannan rigima ta masu sauya jinsi a wasannin mata, wadda yanzu da wuya a yi sati ba a turo mana bidiyonta a guruf ɗinmu na WhatsApp ba, daga na 'yan unguwa har na 'yan islamiyya, kowa na turawa yana rubuta a'uzu billahi a ƙasa, ba mai tsayawa ya tambayi wa ya haɗa bidiyon kuma me yake nema da shi.

Bari in fara da faɗin inda na tsaya kar wani ya juya min magana. Ni musulma ce, uwa ce, kuma ina da 'ya mai buga ƙwallo. Ban yarda wanda ya balaga a jikin namiji ya zo ya shiga layin tsere da mata ba, don kowa ya san abin da balaga take yi wa ɗa namiji, tsawo da faɗin kafaɗa da ƙarfin ƙashi da tsoka, shi ya sa tun asali aka raba gasa gida biyu, a gudu kawai tazarar zakarun maza da na mata tana kai wajen kashi 10 cikin 100. Lokacin da Lia Thomas ta ci gasar ninƙaya ta jami'o'in Amurka a watan Maris na 2022 bayan ta yi shekaru tana ninƙaya a ɓangaren maza, 'yan matan da suka yi ƙorafi suna da gaskiyarsu, ba wanda ya isa ya ce musu su yi shiru. Kuma masu abin sun yi hukunci, hukumar ninƙaya ta duniya ta rufe ƙofar a 2022, hukumar tsere ta duniya ƙarƙashin Sebastian Coe ta bi baya a watan Maris na 2023. To tunda hukumomin wasa sun yanke, me ya sa ihun sai ƙaruwa yake yi, kuma me ya sa ya fi tashi dab da zaɓe? Abin da ya sa na ɗauki waya nake rubutun nan kenan.

Ka duba yawan mutanen da ake wannan tashin hankali a kansu. A watan Disamba na 2024 shugaban hukumar wasannin jami'o'in Amurka, Charlie Baker, ya zauna gaban sanatoci ya ce a cikin 'yan wasa 510,000 da ke ƙarƙashinsa waɗanda ya sani masu sauya jinsi ba su kai 10 ba. A jihar Yuta ta Amurka gwamnansu Spencer Cox, wanda ɗan jam'iyyar Rifablikan ne fa ba ɗan adawa ba, ya ƙi sa hannu a dokar hana masu sauya jinsi shiga wasannin 'yan mata a 2022, ya ce a cikin yara kusan 75,000 masu wasa a sakandaren jihar guda 4 ne kacal masu sauya jinsi, kuma 1 ce kawai ke wasa a ɓangaren mata, amma majalisa ta yi gaban kanta ta tabbatar da dokar. Ita kanta hukumar tsere ranar da ta sa haramcin ta faɗa da bakinta cewa babu mai sauya jinsi ko ɗaya da ke gudu a gasar ƙasa da ƙasa a lokacin. Laurel Hubbard ta Niyuzilan da aka yi ta kururuwa a kanta kafin Olamfik na Tokiyo a 2021, sau uku tana gwada ɗaga ƙarfen tana kasawa, ta koma gida ba ko lambar tagulla.

Ƙarancinsu bai sa maganar adalci ta faɗi ba, ko mace ɗaya aka ƙwace wa matsayinta zalunci ne. Amma abin da kwamitin likitoci da masu horarwa za su iya zama su warware, yaya aka yi ya zama abin da jihohin Amurka sama da 20 suka yi wa doka tun daga Idaho a 2020, ya zama tallan kamfe da aka zuba wa miliyoyin daloli ana sakawa a tsakiyar wasan ƙwallo a talabijin a zaɓen 2024? Amsar ba ɓoyayya ba ce. Maganar haraji da asibiti da kuɗin haya tana da wahalar bayani kuma tana buƙatar aiki bayan an ci zaɓe, ita kuwa wannan hoto ɗaya ya isa, ka nuna wa uba 'yarsa tana kuka a gefen fili shi kenan ka samu ƙuri'arsa. Ranar 5 ga Fabrairu 2025 Trump ya sa hannu a umarninsa na hana masu sauya jinsi shiga wasannin mata a fadar White House, an tara masa 'yan mata ƙanana sun kewaye tebur ana ta ɗaukar hoto. Su ma ɗaya ɓangaren, wato 'yan jam'iyyar Dimokurat, ba su wanku ba, shekara da shekaru duk uwar da ta yi tambaya sai su lafta mata sunan mai ƙiyayya suna tara kuɗin gudummawa da sunan kare hakki, da suka sha kaye sai ga gwamnan Kalifoniya Gavin Newsom a watan Maris na 2025 yana cewa ai shi ma yana ganin akwai rashin adalci a ciki. Ina bakinsa yake kafin a ƙirga ƙuri'a? Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, 'yan wasa ke shan zagi 'yan siyasa na kwasar kujeru.

Kuma Malam Edita abin da ya fi ƙona min rai shi ne idan sandar ta tashi sauka, a kan 'ya'yanmu take sauka. Ka tuna Imane Khelif ta Aljeriya a Olamfik na Paris. Ranar 1 ga Agusta 2024 'yar Italiya Angela Carini ta janye daga dambensu bayan daƙiƙa 46, kafin gari ya waye duniya ta yi wa Imane ca, Trump ya yi magana, Elon Musk ya yi, firaministar Italiya Giorgia Meloni ta yi, wai namiji ne ya sauya jinsi ya zo yana jibgar mata. Alhali yarinyar nan a mace aka haife ta, a mace aka raine ta a wani ƙauye na yankin Tiyaret, fasfonta na mace ne, kuma a Aljeriya ma ina hanyar sauya jinsi take? Ta yi dambe a Tokiyo an doke ta a kwata fainal ba wanda ya ce uffan. Hukumar dambe ta IBA da ta kore ta a gasar Indiya a 2023 ta yi hakan ne bayan ta doke wata 'yar Rasha, shugaban hukumar Umar Kremlev ɗan Rasha ne, kuma kwamitin Olamfik ya ƙwace musu rajista a shekarar saboda matsalar kuɗi da shugabanci, wato akwai tsohuwar gaba tsakaninsu, yarinyar ce ta zama makamin da suke jifan juna da shi. Ita Carini daga baya ta ce tana son ta ba Imane haƙuri, amma wannan labarin bai zagaya guruf ɗinmu ba. Wallahi na ga malamai da hajiyoyi a nan suna tura hoton yarinyar nan suna tsine mata, 'yar musulmi, suna maimaita maganar mutanen da in suka ga 'yarka da hijabi ba za su so ta zauna kusa da su a jirgi ba.

Ba ita kaɗai ba ce. Caster Semenya ta Afirka ta Kudu tun tana 'yar shekara 18 a 2009 ake tona mata asiri a jaridun duniya. Matan nan uku da suka hau mumbari a tseren mita 800 a Riyo a 2016, Semenya da Francine Niyonsaba ta Burundi da Margaret Wambui ta Kenya, duk dokar ƙayyade sinadarin testosteron, wanda ya fi yawa a jikin maza, ta fitar da su daga tseren. Christine Mboma da Beatrice Masilingi na Namibiya an hana su mita 400 a Tokiyo. Barbra Banda ta Zambiya ba ta buga kofin Afirka na mata a Maroko a 2022 ba saboda irin wannan, da BBC ta ba ta gwarzuwar shekara a 2024 zagi kawai ta yi ta sha. Ga tamu ta gida, Aminatou Seyni ta Nijar, a 2019 tana cikin matan da suka fi kowa gudu a mita 400 a duniya, aka ce ko ta sha maganin rage sinadarin jikinta ko ta bar tseren, ta koma mita 200 ta ma zo ta huɗu a gasar duniya a 2022. Babu ko ɗaya a cikinsu da ta sauya jinsi, haka Allah ya halicce su. Ana iya muhawara kan yadda za a yi musu adalci su da abokan karawarsu, muhawara ce ta likitoci kuma mai wuya ce, amma ɗan siyasa ba ya son a bambance, cakuɗawar ita ce ribarsa. Mu kuwa bai kamata a rikita mu ba, malamanmu na fikihu tun ɗaruruwan shekaru sun ware wa mata-maza hukuncinsu a babin gado da na sallah cikin natsuwa da rufin asiri, ba su taɓa cewa a tara jama'a a yi musu ihu ba.

Zargin nan kuma in ya fita ba ya tsayawa a talabijin. 'Yata doguwa ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa, dangin babanta ta ɗauko. Tana tsaron baya a wata ƙaramar ƙungiyar 'yan mata a nan, bayan isha'i suke atisaye saboda zafi, da dogon wando a ƙarƙashin gajere da ɗan hijabin wasa. A wani wasan sada zumunta ta tare wata yarinya ta ƙwace ƙwallo tsaf ba keta, sai wata mata daga iyayen ɗaya ƙungiyar ta miƙe tana cewa da ƙarfi "hada walad walla bint", wai wannan namiji ne ko mace, tana ɗaga waya tana nuna wa na kusa da ita wani bidiyo. Kociyarsu ta tsawatar aka ci gaba da wasa, amma yarinyar nan har muka iso gida ba ta ce komai ba, ta ƙi cin abinci, can cikin dare ta same ni a kicin ta ce "Umma wai kafaɗata ta yi yawa ne?" Na zaunar da ita na ce mata ke 'yar gidanmu ce, haka kakarki take, kuma da wannan kafaɗar ta ɗauki 'ya'ya ta raine su. Washegari sai da babanta ya lallashe ta kafin ta ɗauki takalminta. Irin wannan ya faru a can Yuta ɗin ma a 2022, iyaye suka kai ƙarar yarinyar da ta doke 'ya'yansu, aka bi takardun makarantarta tun daga nazare aka tarar mace ce tun fil azal. Kenan duk yarinyar da ta fi sauran tsawo ko ƙarfi ko baƙi ta shiga layin zargi.

In da gaske kishin mata ne, ai ga inda ake buƙatarsa. A Amurkar nan likitan 'yan wasan jimnastik Larry Nassar ya yi shekaru yana lalata da ɗaruruwan 'yan mata ana kai ƙara ana dannewa, sai a 2018 aka yanke masa hukunci. Faransa da ta karɓi baƙuncin Olamfik ɗin da aka yi wa Imane ihu ta hana 'yan wasanta mata sa hijabi a gasar, ban ga waɗannan masu kare mata sun ɗaga murya ba. Super Falcons ɗinmu sun ci kofin Afirka sau 10, amma a 2016 sai da suka yi zaman dirshan a otal a Abuja kan alawus ɗinsu, a 2022 a Maroko suka ƙaurace wa atisaye kan dai kuɗin. A arewacinmu makarantun 'yan mata nawa ne ke da fili mai katanga da malama mace ta motsa jiki, inda uba zai bar 'yarsa ta yi gudu hankalinsa a kwance?

Mu da ke nan mun ga yadda ƙofar take da wuyar buɗewa. Sai a 2012 Saudiyya ta fara tura mata Olamfik, Sarah Attar da Wojdan Shaherkani, sai a 2017 aka yarda da darasin motsa jiki a makarantun 'yan mata na gwamnati, a watan Janairu 2018 mata suka fara shiga kallon ƙwallo a filin Jauhara na nan Jidda, a 2022 aka fara firimiyar mata, ga Ashleigh Plumptre ta Najeriya ta zo Al-Ittihad a 2023. Yaranmu da suka taso suna jin sunan Usama Hausawi a rediyo da talabijin yanzu ƙannensu mata ma suna mafarkin sa rigar ƙasa. Abin nan jariri ne, kuma na san iyaye a Karantina da Shara Mansur da har yanzu suke ɗari-ɗari, bidiyo ɗaya irin waɗannan ya isa uba ya ce ai ga abin da wasan mata ke jawowa, ya ce a ajiye takalmin.

Roƙona gare ku Malam Edita, idan za ku kawo labarin nan ku riƙa bambance mana mai sauya jinsi da wadda aka haifa da wata halitta daban, ku riƙa sa adadi, ku faɗa mana wane zaɓe ne ke tafe a ƙasar da labarin ya fito. Kuma dan Allah ku tura wakilinku na Yamai ya nemi Aminatou Seyni ya yi hira da ita, mu ji daga bakinta yadda abin ya kasance mata, ina so in karanta wa 'yata.

Na gode, a huta lafiya.

Taku,
Wata uwa mai karanta jaridarku, daga Jidda.